Muryar Laure a Wayar Direbobi

Akwai wani Zayyad, mai shagon gyaran waya a Gumel. Ilimin na'ura kam akwai, tarbiyya ce babu.

Shi ne ya tattara waƙoƙi da hirarrakin Laure, shahararriyar zabiyar nan ta Maigatari, ya ɗura wa manhajar AI. Ka yi mata magana, ta amsa maka da muryar Laure sak, har da 'yar dariyarta. Kuma batsa ya koya mata.

Ranar kasuwa sai ka ga direbobi sun yi da'ira a tasha, "Laure" tana ce wa ƙato masoyina, ana shewa. Aka daina gayyatar Laure ta gaske biki. Mijinta ya ji da kunnensa, ya sallame ta.

Ta zo shagon tana kuka.

"Ɗana, don Allah ka kashe abin nan. Na haifi kamarka."

"Hajiya, kin yi wa muryar rajista ne?" Ya tuntsire da dariya. "Matsa, kin tare min kwastoma."

Ta kai ƙara kotu. Lauyanta ya yi ta laluben dokar da ta hana satar murya, bai samu wadda ta zauna daidai ba. Shi kuwa Zayyad ya ɗaga hannu ya rantse a gaban alƙali:

"Ranka ya daɗe, babu na'urar da za ta iya kwaikwayon murya haka. Ita ce da bakinta."

Aka kori ƙarar. Laure ta fito kanta a ƙasa, ana nuna ta da baki. Shi kuma ya cika TikTok da bidiyon fariya.

Ana nan, sai saƙon murya ya faɗo wayar matarsa Mansura: "Na sake ki saki uku." Muryarsa ce, har da gyaran maƙogwaron nan nasa. Har yau ba a san wanda ya haɗa ba. Kafin ya rufe shago, tana gidan ubanta a Gagarawa.

Ya ruga kotu, ya tarar da alƙalin nan dai.

"Wallahi ba ni ba ne, na'ura ce!"

Alƙali ya sauke tabarau. "Ba kai ka rantse a nan cewa na'ura ba ta iyawa ba? To zaɓi: ko ka amsa cewa ka saki matarka, ko ka amsa cewa rantsuwar ƙarya ka yi a gabana."

Zayyad ya fito kansa a ƙasa, ana nuna shi da baki.

Darasi: Don doka ba ta riga ta kamo abu ba, ba shi ne ya zama halal ba. Muryar mutum mutuncinsa ce. Ku tura wa masu wasa da muryoyin mutane, tun kafin a yi wasa da tasu.