Hayaƙi a Kan Sabuwar Amya

Ka taɓa tambayar abin da ke faruwa a cikin kan jariri sa'ad da aka sa shi barci da magani?

Akwai wani mutum mai kiwon zuma wanda ya ɗaura sabuwar amya a kan ɗorawa, ƙudan zuma kuwa suka shiga. Yakan kara kunnensa a jikinta, ya ji amon ginin da ake yi cikin duhu, ba fitila, ba ma'auni.

Ana nan, tururuwa suka afka wa amyar. In bai buɗe ta ba, za ta hallaka. Ya hura hayaƙi kaɗan, zuman suka lafa, ya buɗe, ya kori tururuwan, ya rufe. Amyar ta tsira, gini ya ci gaba.

Amma da ya ga hayaƙi ya sauƙaƙa masa aiki, sai ya riƙa buɗe ta ko don gyaran murfi, yana daɗewa yana turara ta.

Matarsa ta ce, "Baban yara, gyaran nan ba zai jira su gama ginin ba? Ko bandar kifi kake yi?"

Ya ce, "Ke dai, barci kawai suke yi."

Da lokacin ɗiba ya yi, ya buɗe. A gefe guda saƙar zuma ta cika, ɗaki bisa ɗaki, kyakkyawa ƙwarai. A ɗaya gefen kuwa giɓi ne, inda ya yi ta tsai da maginan. Ya rufe bakinsa da hannu.

Ma'anar wannan misali ita ce: amyar ita ce kan ƙaramin yaro, saƙar kuwa ƙwaƙwalwarsa, wadda Ubangiji yake ginawa a ɓoye, gini mai ban tsoro da ban al'ajabi. Hayaƙin shi ne maganin barci na tiyata. Baiwar Allah ce, kada kowa ya hana ɗansa aikin da zai ceci ransa. Sai dai masana suna fargabar cewa in ya daɗe, ko aka yi ta maimaita shi, yana iya taɓa ginin nan. Don haka zalunci ne a daka wa uwa tsawa domin ta yi tambaya, wai ita talaka ce, ba ta yi boko ba.

Iyaye, kafin a sa ɗanku barci, ku tambayi likita ko aikin dole ne yanzu, da tsawon lokacin da zai ɗauka. Ku ma'aikatan asibiti da ke zaune a nan, ku amsa musu.