Katin Banki da Dukiyar Marainiya

An yi wani mutum a nan Tamanrasset, ya 'yan uwa, ɗan Damagaram ne, yana da shagon atamfa da takalma a unguwar Sersouf. Ba zan faɗi sunansa ba, domin yana da 'ya'ya, kuma su ba su yi laifin komai ba. Takardunsa na zama cikakku ne, yana jin Larabcin ƙasar, yana ɗan taɓa Faransanci. Duk wanda buro, wato ofishin hukuma, ya yi wa wuya, wurinsa yake zuwa. Sallah ba ta wuce shi a sahun gaba.

Yana da amini, Idrisa, direban babbar mota. Tare suka taso, tare suka hau hanyar arewa suna samari. Wata shekara motar Idrisa ta kife kusa da In Amguel, Allah ya karɓi ransa nan take. Ya bar mata ɗaya, Rakiyatu, da 'yarsu Mansura, mai shekara bakwai.

Mutumin nan ya tsaya musu, wannan gaskiya ce. Shi ya yi ta zirga-zirga daga buro zuwa buro har kamfanin da Idrisa ke yi wa aiki ya yarda zai biya diyya. Sai dai kamfanin ya ce ba ya ba da kuɗi a hannu, dole sai an buɗe asusu a banki da sunan matar. Da ta fita takaba, ya ɗauke ta a motarsa suka tafi.

Ma'aikacin banki ya shimfiɗa musu zaɓi biyu. Na farko asusun ajiya ne mai ɗan littafi: ba mai fitar da ko sisi sai ita da ƙafarta, da takardunta, ta sa hannu. Na biyu mai kati ne, irin wanda ake haɗawa da waya. In ka je biyan kuɗi sai ka kara wayar a jikin na'ura, ta yi ɗan ƙara, an biya ke nan.

Rakiyatu ba ta yi lekkol ba, wato karatun boko, ba ta jin abin da ake faɗa. Ta dube shi ta ce, "Yaya, wanne ya fi? Wanda ka zaɓa shi na zaɓa. Kai ne Idrisa yanzu a wurinmu."

Ya 'yan uwa, a nan abin ya faru, a kan kujerar nan, da rana tsaka. Ya san wanda ya fi. Mace ce mai ɗinkin hula a gida, cefanenta a kasuwa ne, wurin masu tumatir da ba su taɓa ganin na'ura ba. Me za ta yi da kati? Amma shi ya daɗe yana ganin manyan 'yan kasuwa suna kara waya a gidan mai su wuce, abin yana ba shi sha'awa. Nasa kuɗin kullum cikin kaya suke, asusunsa fanko ne. Ya ce a ransa ai sauƙi ne gare ta, ba sai ta riƙa wahalar layi ba.

Ya ce mata mai kati ya fi. Da ma'aikacin ya nemi lambar waya, sai ya ba da tasa, wai tata ƙarama ce, ba ta ɗaukar irin wannan. Katin ma ya ce zai adana mata kada ya ɓata. Ta yi ta yi masa addu'a har suka iso gida.

Wata uku bai taɓa ba. Ran nan yana gidan mai, an cika masa tanki, ya laluba aljihu ya ga ya manta kuɗi a shago. Motoci na ta yi masa oda a baya. Ya ciro wayar ya kara. Ta yi ƙara, mai zuba mai ya ɗaga masa hannu, ya wuce. Ya ce gobe zai mayar.

Abin da ya ba shi mamaki shi ne bai ji komai ba. Da a ce akwatin Rakiyatu ya buɗe ya zari takardun kuɗi, da ya san sata yake yi. Nan kuwa bai ga kuɗi ba, bai taɓa su ba, bai ga fuskarta ba. Goben ta zo ta wuce.

Daga mai sai tayoyi. Daga tayoyi sai firiji ga matarsa Barira. Ya je Aljer, babban birnin ƙasar, sayen kaya, ya sauka a masauki mai tsada, ya kara waya. Abokan cinikinsa suka zo daga Maraɗi, ya yi hayar mota ya kai su yawon buɗe ido duwatsun Assekrem, aka gasa rago, ya kara waya. Mutane suka fara cewa Allah ya buɗa masa.

Kuma duk wata yakan aika wa Rakiyatu buhun garin alkama da galan na mai da sukari. Da kuɗinta yake saya. Ita kuwa ba taron mata da za ta je ba ta yabe shi ba, tana cewa ko ɗan'uwa na jini iyakar abin da zai yi ke nan, kuɗin Mansura suna nan ajiye, ko taɓa su ba a yi ba. Maganar tana dawo masa, ya yi murmushi. Wani irin mutum ne ke jin wannan ya iya cin abinci? Ya ci, har shekara biyu.

Sai Mansura ta fara haki. In ta dawo daga lekkol sai ta zauna a bakin ƙofa, leɓunanta sun yi duhu. Likita ya duba ya ce zuciya ce, sai an yi mata tiyata, aikin kuma ba na nan ba ne, sai Aljer. Layin asibitin gwamnati yana da tsawo, yarinyar kuwa ba ta da wannan lokacin. In da hali, a kai ta asibitin kuɗi cikin makon nan.

Rakiyatu ba ta tsorata ba, domin ta san da hali. Da safe ta zo shagon ta ce lokacin kuɗin Idrisa ya yi, su je banki. Mutumin ya san abin da ya rage a asusun ba zai kai ba. Ya ce mata na'urorin banki sun lalace, ta bari sai jibi. Jibi ya ce manaja ya yi tafiya. A tsakanin yana ta fafutukar karyar da kayan shago, amma sabon kayansa yana tsare a dowan, wurin 'yan kwastan, tsohon kuwa ba mai so. Zai iya zuwa masallaci ya tona kansa, jama'a su tashi tsaye tun da wuri. Kunya ta hana shi. Ya zaɓi ya ci gaba da ƙarya, yarinya tana kwance tana haki, har kwana tara.

A rana ta goma wata maƙwabciya, Iklima, wadda ta yi karatu, ta ce wa Rakiyatu asusu da sunanta yake, ba ta buƙatar kowa. Suka tafi su biyu. Aka buga musu takarda mai shafi da yawa. Iklima ta fara karantawa: gidan mai, gidan mai, shagon firiji, masauki a Aljer, hayar mota zuwa Assekrem, kowanne da ranarsa da sa'arsa. Rakiyatu ta ce kuskure ne, ita ba ta taɓa zuwa waɗannan wuraren ba. Ma'aikacin ya karanto lambar wayar da ke haɗe da katin. Ta san lambar, ita take kira kullum in tana cikin damuwa. Abin da ya rage a asusun ko kuɗin jirgi bai kai ba.

'Yan kasuwa suka haɗa taimako bayan sallar Juma'a, kowa ya ba da abin da ya iya. An sayi tikiti na ranar Talata. Mansura ta rasu ranar Lahadi da hantsi.

Mutumin ya zo jana'iza. Da ya shiga sahu, na damansa ya matsa, na hagunsa ya matsa, ya tsaya shi kaɗai. Ba wanda ya zage shi. Kwana biyu bayan haka jandarma suka zo shago suka tafi da shi. Alƙali bai sha wahala ba, takardar banki ta riga ta ba da shaida. Aka ɗaure shi, aka sayar da shagon da motar. Barira ta kwashe yara ta koma Damagaram, domin kunya ta hana ta fita ko ɗibar ruwa. Da ya gama zaman kaso aka karɓe takardunsa, aka sa shi a mota zuwa iyaka. Direbobi sun ce sun gan shi a Arlit yana tura kurar ruwa, ya rame, yana magana shi kaɗai.

Daga can ya aiko wani direba ya roƙar masa gafara. Rakiyatu ta saurara har ya gama, sannan ta ce, "Ka ce masa na kuɗi na yafe. Na Mansura kuwa ba nawa ba ne da zan yafe. Ya jira su haɗu."

Ya 'yan uwa, ina zai sami Mansura kafin ranar ƙiyama? Da me zai biya ta?

Ban ce kati haramun ne ba, ban ce waya ce ta yi laifi ba. Ina cewa cin amana ya yi sauƙi a zamanin nan, har mutum zai cinye dukiyar maraya bai ji nauyinta a hannu ba. Wutar da aka yi wa mai cin ta alkawari kuwa ba a rage mata zafi ba. In aka kai ka banki a matsayin amintacce, ka zaɓi asusun da zai ɗaure hannunka, kada ka yarda da zuciyarka. Lambar wayar mai dukiya za a rubuta, kati ya kwana a ɗakinta. Ku kuma mata, ku tambaya, ku sa a karanta muku, wannan ba rashin kunya ba ne. Wanda kuma ya riga ya taɓa, yana zaune a cikinmu yanzu, ya je ya faɗa yau tun mai haƙƙi yana numfashi.

Allah ya jiƙan Mansura da mahaifinta, ya ba uwarta haƙuri. Allah ya kiyaye mu da haƙƙin wanda ya yarda da mu, ya kiyaye hannayenmu daga abin da ba namu ba. Amin.