Fankar da Ta Ɓata a Hanya

Akwai wani mutum mai sayar da kayan wutar lantarki ta intanet, wanda masu sayen kayansa suka laƙaba wa suna Ba-Canji, saboda kalmar nan ba ta barin bakinsa. A shafinsa kuwa an rubuta ɓaro-ɓaro cewa duk wanda kaya ya ba shi matsala, ya mayar ta hannun kamfanin aika saƙon da shagon yake hulɗa da shi, za a ba shi kuɗinsa. Rubutu ke nan, jama'a. Ka gwada mayarwa ka sha mamaki.

Abu ɗaya ne kowa yake yaba masa: yadda yake riƙe da mahaifiyarsa. Inna ta samu shanyewar ɓarin jiki, hannunta da ƙafarta na dama ba sa motsi. Da hannun hagu take cin abinci, da shi take jan carbi, da shi take shafa kan jikokinta. Tana zaune a gidansa, a ɗakin baya mai taga da aka yi wa ƙarafa.

Wata rana wata mai ɗinki, ana kiranta Maman 'Yan Biyu, ta sayi fanka mai caji a shafinsa, don yaranta ba sa iya barci saboda zafi. Ba a yi nisa ba ta lura cewa da zarar an sa fankar a caji, sai bayanta ya ɗau zafi, ɗakin ya cika da ƙaurin roba. Wani yammaci ta shigo ta tarar robar ta kumbura, ga yaran kwance dab da ita.

Ta zare wayar cajin daga bango. Ta ɗauko jan farce ta zana da'ira babba a ƙarƙashin gindin fankar, don kada ta haɗu da masu kyau. Ta ɗauki hotonta, ta mayar da ita kwali, ta kai kamfanin da shagon ya ambata, ta karɓi rasit.

Daga nan shiru. Kullum ta duba lambar bin sawu, abu ɗaya take gani: kaya yana kan hanya. Wace irin hanya ce wannan da ba ta ƙarewa?

Da ta gaji ta kira shi.

"Malam, ni ce wadda ta mayar da fanka. Har yanzu ban ji daga gare ku ba."

"Baiwar Allah, abin da bai zo hannuna ba, ban san da zamansa ba."

"Ai inda ka ce in kai, nan na kai. Rasit yana hannuna. Kai ne kake da yarjejeniya da su, kai ya kamata ka bi sawu. Sannan akwai abin da nake so ka sani game da fankar nan…"

"Kowa da irin labarinsa. Ba canji!" Ya kashe waya.

Ta tura masa saƙon murya, tana bayanin zafin da ƙaurin. Ta sake tura wani. Wallahi ko ɗaya bai buɗe ba. Da ya ga suna ta taruwa, sai ya toshe lambarta, ya ci gaba da harkarsa.

Bayan wasu makonni, sai ga motar kamfanin ta sauke wani kwali a ƙofar shagon. Ya sha duka, gefensa ya lotse, ruwa ya wanke takardar da ke jikinsa har ba a iya karanta suna. Dattijon da ke kula da sito ya buɗe, ya ga fanka a ciki.

"Ranka ya daɗe, ina jin wannan ce fankar matar nan da take ta kira."

"Wace mata? Ka ga suna? Ka ga lamba?"

"Ban gani ba. Amma dai…"

"To ka bar ammanka a aljihu, Baba."

A ransa ya sani. Amma idan ya yarda fankar ta iso, dole ya biya. Ya danna maɓalli, fanka ta ɗauka tana juyawa lafiya lau da ragowar cajin da ke cikinta. Ya yi dariya ya ce mutane dai ba sa rabo da fitina. Ya sa tsumma ya goge ta tas. Ya ga wani jan abu a ƙarƙashinta, ya kankara da farce bai fita ba, ya ce wa zai leƙa nan.

Lokacin ana tsananin zafi, ga na'urar raba wutar yankin ta lalace, an kwana biyu babu wuta daga shagonsa har gidansa. Inna ba ta ƙorafi, amma kullum zaninta jiƙe yake da gumi. Sai ya ɗauki fankar ya tafi da ita gida.

"Inna, ga sabuwar fanka na sayo miki."

Tsohuwa ta ɗaga hannun hagunta ta dafa kansa, ta yi ta sa masa albarka har idonta ya kawo ruwa. Ya ɗora fankar a kan ƙaramin teburi a jikin katifa, ƙarƙashin gidan sauro. Ya jona ta a bango, ya bar makunnin a kunne. Ya ce da matarsa kada kowa ya cire, don duk lokacin da aka kawo wuta ta kama caji da kanta.

Fanka ta yi aikinta har cajin ya ƙare, ta tsaya. Ta zauna nan a jone, tana jiran wuta.

Rannan da rana tsaka, yana zaune a shago yana fifita da kwali, sai ga mace ta yi sallama. Ba ta zo da hayaniya ba.

"Malam, ni ce Maman 'Yan Biyu. Ka toshe ni, shi ya sa na biyo adireshi. Kamfani sun tabbatar mini sun kawo kayan nan."

"Su suka faɗa miki, su za ki kama. Ni ban ga komai ba."

Dattijon sito ya sunkuyar da kai, ya shige ciki.

"Haƙƙina ne, kuma ba zan bar shi ba," in ji ta. "Zan kai ƙara inda ake kai ƙarar 'yan kasuwa, da rasit da hotuna. Amma yau ba shi ya fi damuna ba. Don Allah kada ka sayar wa kowa fankar nan. Ba ta nuna komai sai an sa ta a caji. Nan take take ɗaukar zafi, ta fara narkewa. Saura kaɗan ta ƙone mini yara."

Ta miƙa masa wayarta. Ya karɓa yana yatsina fuska. A hoton ga fanka an kifa ta, ga jar da'ira a ƙarƙashin gindinta.

Jan abin nan ne da ya kankara da farce bai fita ba.

A daidai lokacin nan ƙwan fitilar da ke saman kansa ya kama. Firjin maƙwabcinsa ya fara gurnani. A waje aka ɗau ihu: an kawo wuta!

Ya lalubo wayarsa ya kira matarsa. Ta ce ta fita ɗauko yara daga makaranta, Inna tana barci, ta kulle gida kamar kullum. Ya nemi lambar maƙwabtan gidansa, babu ko ɗaya a wayarsa, don Ba-Canji ba ya shiga harkar kowa. Ya fita da gudu, ya tarar wata babbar mota tana sauke kaya ta tare tasa, direban ya tafi cin abinci.

"Malam, ina fankar take?" Maman 'Yan Biyu ta biyo shi tana tambaya.

"Ɗakin mahaifiyata. Ba ta iya tashi."

"Innalillahi! Ga mai babur ɗin da ya kawo ni, hau ku tafi! Hau mana!"

Tun daga bakin layi ya hango hayaƙi. Maƙwabtan nan da ba ya gaisawa da su, su ne suka ji ƙauri, suka ɓalle ƙofa, suka fito da Inna a cikin bargo. Gidan sauro ya ƙone ƙurmus, rabin katifa ya tafi.

Allah ya yi da sauran kwananta. Amma da ta farka ta ga fankar tana hayaƙi, ta ja jiki ta miƙa hannu don ta ture ta, robar da ta narke ta zubo mata. Hannun hagun ne. Likita ya ce za a yi ƙoƙari, amma yatsun ba lallai su koma yadda suke ba.

A asibiti Ba-Canji ya durƙusa a gaban gadon yana kuka kamar ƙaramin yaro. Tun a ranar ya tura wa Maman 'Yan Biyu kuɗinta da ban haƙuri, amma hakan bai rage masa komai a ƙirji ba. Inna ta so ta dafa kansa yadda ta saba, hannun yana naɗe da bandeji, bai ɗagu ba.

"Bar kuka, ɗana," in ji ta a hankali. "Ba laifinka ba ne, kai alheri ka nufa. Ka tattara abin da ya rage ka mayar wa waɗanda suka sayar maka. Ka ce su ji tsoron Allah, kada su sayar wa wani."

Ya kasa ɗaga kai ya kalle ta.

Darasi: Idan ka mayar da kaya, ka ɗauki hoto, ka riƙe rasit, ka bi haƙƙinka cikin natsuwa har ka same shi. Kai kuma mai sayarwa, ka saurari wanda ya dawo da kaya, ka bi sawun abin da ya ɓata a hannun kamfanin da kai ka zaɓa, domin ƙorafin da ka toshe yau yana iya zama gargaɗin da zai ceci naka. Ku tura wa masu saye da masu sayarwa da kuka sani.