Ƙofar Motar Suruki

Akwai wani mahauci a Jos mai suna Lukuman, shekarun nan da wayar salula ta fara shiga hannun kowa. A Abbatuwa yake sana'arsa, gidansa kuma yana unguwar Ali Kazaure. Mutum ne mai kirki, amma yana da ciwo ɗaya: bai taɓa yarda akwai abin da hannunsa ba zai iya ba. Tunda ya iya wasa wuƙa, a ganinsa ya gama sanin ƙarfe.

Matarsa Aisatu 'yar Alhaji Bappayo ce, wani Bafulatani dillalin shanu. Da ƙyar aka yi auren, don dattijon bai so 'yarsa ta auri mahauci ba. Ko bayan an haihu, tsakaninsu sai gaisuwa. Lukuman ya durƙusa daga nesa, Alhaji ya amsa yana kallon wani wajen. Mutane na cewa kunyar surukai ce, amma Lukuman ya san har da rashin yarda, kuma abin yana cin sa a rai.

Wata damina tafiya ta kama Alhaji zuwa rugagen 'yan'uwansa. Sai ga baƙar motarsa an kawo ƙofar gidan Lukuman, da saƙon cewa ya ajiye ta, ya riƙa tayar da ita da safe kawai. Alhaji yana da 'ya'ya maza, yana da abokai, amma surukin nan ya zaɓa. Aisatu har hawaye ta yi don murna, ta ce wa mijinta wannan amanar ita ce ƙofar da suka daɗe suna jira ta buɗe.

To, kun san halin mutuminku. Da ya ga motar tana ƙyalli, zuciya ta raya masa ya kai ta Abbatuwa abokan sana'a su gani. Ya faka kusa da inda ake sauke shanu. Wani bijimi ya fizge igiya, ya goga ƙahonsa a ƙofar direba. Karcen bai fi tsawon yatsa ba.

Da mai hankali ne, da nan ya tsaya. Ina! Lukuman ya sayo samfefa, takardar nan mai kaushi ta goge ƙarfe, da man goge mota, ya tsuguna a tsakar gida yana dirza kamar mai wanke tukunyar da ta kama. Karce kam ya tafi. Amma da ya zuba ruwa wurin ya bushe, sai ga tabo mai faɗin faifai, dusu-dusu, babu ƙyalli ko kaɗan.

Ya kwashi motar sai garejin Ɗanbaba mai fenti a Titin Bauchi.

Ɗanbaba ya shafa wurin ya yi dariya. Ya bayyana masa cewa a saman fentin mota akwai wani ruwa mai haske da ake fesawa, su suna ce masa kiliya, shi ne ke ba mota ƙyalli yana kuma kare launinta. Karcen ƙahon ma bai huda shi ba, man gogewa kaɗan ya isa. Dirzar Lukuman ce ta cinye shi. Yanzu sai an bi ƙofar da samfefa mai laushi da ruwa, a sake fesa sabo.

Lukuman ya ce to a fesa yau.

"Oga, ɗaga kanka ka dubi sama," in ji Ɗanbaba. "Watan Agusta ne a Jos. In na fesa cikin wannan sanyi da yayyafi, fari zai yi. Ni ba ni da ɗakin gasa fenti, rana nake jira."

Lukuman ya roƙa, ya yi fushi, har ya ce masa yanga ce kawai irin ta masu fenti. Ɗanbaba ya ce ya ji, amma ba da hannunsa ba.

A can gaba ya samu wani mai fentin da bai iya cewa a'a ba. Aka fesa ana yayyafi. Kafin gari ya waye ƙofar gaba ɗaya ta yi fari-fari kamar an watsa mata ruwan koko. Baƙar mota, farar ƙofa. Ko makaho ya shafa zai ji kurajen da suka taso.

Haka ya koma wurin Ɗanbaba kai a sunkuye. Shi kuwa bai yi masa gori ba. Ya ce yanzu aiki ya ƙaru, sai an kankare duk abin da aka fesa, sannan a ci gaba da jiran rana.

Ranar ce kuma labari ya zo cewa Alhaji ya dawo.

Lukuman ya fara shirya abin da zai faɗa. Ko ya ce an kai ta juyen mai? Ko ya ce wani ɗan acaɓa ne ya goge ta? Aisatu tana jin sa har ya gama, sannan ta ce, "Baban Jabir, kowane gyara ka yi a ɓoye ƙara ɓata ta ya yi. Kada ka yi wa Baffa irin gyaran da ka yi wa ƙofar nan."

Maganar ta yi masa zafi, don gaskiya ce.

Ya hau babur ɗinsa ya tafi gidan surukin. Ya durƙusa, wannan karon kusa, ya faɗi komai tun daga fita da motar ba izini har zuwa farar ƙofa. Bai rage ko ɗaya ba.

Alhaji ya miƙe ya ɗauki sandarsa ya ce a kai shi ya gani. Babu wata motar a gidan, don haka ya tattare babbar rigarsa ya hau bayan babur ɗin surukinsa. 'Yan unguwa suka bi su da ido har suka sha kwana.

A gareji suka tarar Ɗanbaba ya kankare ƙofar, ta koma toka-toka. Alhaji ya zagaya motar, ya tambayi girman karcen farko. Lukuman ya nuna masa yatsa.

"A kan wannan?" in ji dattijon. "Ni da nake kwana cikin shanu, ƙaho ne baƙona? Fita da ita da ka yi laifinka ne, kuma ka faɗa da bakinka. Amma tsoron da ya sa ka yi ta dirza har ka lalata ta, ni na dasa maka shi. Ba laifinka ba ne kai kaɗai."

Lukuman ya kasa ɗaga ido, hawaye suna sauka a kan takalminsa.

Da rana ta samu, Ɗanbaba ya rufe sauran jikin motar da tsofaffin jaridu, ya fesa kiliya siriri, ya bari ya sha iska, ya ƙara wani a kai. Ya hana kowa taɓawa har ya yi tauri, sannan ya goge. Ƙofar ta dawo baƙa wuluk, kana ganin fuskarka a ciki.

Ranar karɓa su biyu suka zo. Lukuman ya ja gefe zai koma kan babur ɗinsa, sai Alhaji ya zagaya ya zauna a kujerar mai zaman banza.

"Shigo ka tuƙa, ɗana," ya ce. "Gidanka za mu, na yi marmarin tuwon Aisatu."

Darasi: Ƙaramin kuskure ba ya kashe amana, ɓoye shi ne ke kashe ta. In ka yi ɓarna, faɗa tun tana ƙarama, kuma ka saurari mai sana'a in ya ce a jira. Ku ma manya, ku sassauta fuska don na ƙasa su iya gaya muku gaskiya. Tura wa wani wannan labarin, wataƙila yau yana tsugune yana dirzar nasa karcen.