Wuri Ɗaya a Bayan Moto

Akwai wata mata a wani ƙauyen Kurfai, arewa da Filinge, sunanta Habsatu. Wata safiya a bakin rijiya ta ji wata baƙuwa tana tambayar maƙwabciyarta: "Wai cikin 'yan matan nan biyu, wacce ce ta cikinta?"

"Ke dai bari," in ji maƙwabciyar. "Mu da muke zaune da ita ma sai mun yi tunani."

Habsatu ta sunkuyar da kai ta ci gaba da jan guga, amma maganar ta yi mata daɗi har cikin rai. Abin da take so a riƙa faɗa ke nan.

Tana da shekara goma sha huɗu uwarsu ta rasu, uban kuwa ya riga ta. Ta bar lakwal, wato makarantar boko, ta kama daka da surfe da ɗebo itace, ta riƙe ƙannenta uku. Ba ta yarda da maganar aurenta ba sai da ta ga babbansu, Saminu, ya ajiye iyali.

Saminu ya tafi neman aiki Aljeriya, matarsa ta rasu wajen haihuwa. Aka naɗo jaririyar a zane aka kawo wa Habsatu, lokacin tana shayar da ɗiyarta ta fari, Haske. Jaririyar Latifa aka sa mata. Nono ɗaya suka sha, amma kullum Latifa ce ta farko.

Kun dai san al'adarmu. Uwa ba ta kiran sunan ɗiyar fari, ba ta yi mata wasa a gaban mutane. Habsatu ta ɗauki wannan kunya ta ɗora mata tsoron kar a ce ta bambanta marainiya. Sai Haske ta zama "waccan". Ita kuma yarinyar "Yaya" take ce mata, yadda ta ji ƙannen Habsatu suna faɗa.

Da damina, yaran suna da shekara huɗu, masassara ta kama su rana ɗaya. Mijin Habsatu, Hamani, yana gona mai nisa wajen noma. Kwana biyu ana jiƙe-jiƙe, babu sauƙi.

A rana ta uku aka tare wani mai kabu-kabu, wato mai hayar babur, da zai shiga Filinge. Ya riga ya ɗaure buhun wake a baya.

"Uwar ɗiya, wuri ɗaya ya rage," ya ce. "Ke da yarinya guda. In na sauke ku, in komo in ɗauki ɗayar."

Habsatu ta shiga ɗaki ta dafa goshin kowacce. Latifa na kuka, tana shure-shure. Haske ba ta kuka. Idonta a buɗe, jikinta kamar an ciro shi daga murhu, tun safe ko ruwa ba ta haɗiya ba. Wadda ta rena yara biyar ta san wanne ya fi tsanani.

Ta waiga. Matan unguwa sun cika bakin ƙofa, da uwar mijinta a tsakiyarsu.

Ta goya Latifa.

"Yaya, ni fa?" in ji Haske, can ƙasa-ƙasa.

"Inna, ga waccan nan," Habsatu ta ce wa uwar mijin, ba ta dubi shimfiɗar ba. "Yanzu za a komo."

Wata tsohuwa ta ce, "Kun gani ko? Riƙo ke nan. Allah shi yi miki albarka."

Suna isa gidan likita hadari ya haɗo. Aka sa wa Latifa ƙarin ruwa, kafin la'asar har ta nemi kunu. Amma ruwan sama ya cika ƙoramar da ke tsakanin gari da ƙauyen. Mai moto ya je bakinta ya tsaya, ya komo jiƙe sharkaf.

"Ko raƙumi ba ya ƙetarewa yau," ya ce.

Washegari da hantsi suka samu hanya. Tun daga nesa ta hango maza zaune kan tabarmi a ƙofar gidansu.

Kwana bakwai ana zuwa gaisuwar rasuwar Haske, kowa da yabonsa. Saminu ya kira a waya yana kuka, yana cewa ba shi da bakin godiya.

Bayan an watse, Hamani ya same ta tana tankaɗe a bayan rumbu. Ya tambaye ta:

"Da kika fita, jikin nata ya yi tsanani haka?"

Ta ci gaba da kaɗa rariya. Ta tuna zafin goshin a tafin hannunta, ta tuna cewa ba Latifa ta duba ba sa'ad da ta zaɓa, bakin ƙofa ta duba. In ta faɗa, Latifa ce za ta girma da wannan magana a kanta, a gidan nan, a gaban mutumin nan.

"Duk ɗaya suke," ta ce.

Ta ƙudura a ranta ba wanda zai ji, har ta koma ga Allah.

Darasi: Riƙon maraya alheri ne babba, amma ɗan da kika haifa shi ma amana ne. Idan ciwo ya zo, a dubi wanda ya fi jin jiki, kar a dubi idon mutane. Ku tura wa 'yan uwa mata, wataƙila akwai wadda kunya ke shirin sa ta irin wannan zaɓi.