Taransistocin da Harlan Bai Bari Sun Bushe Ba

Harlan Dubek injiniya ne a wata ƙaramar masana'anta da ke garinmu a New Jersey, inda ni ma na yi aiki. Yana da kaifin basira, amma ba shi da haƙuri ko na miskala zarratin. Ko kofi aka zuba masa, sai ya ƙona harshe kafin ya huce.

A shekarun da suka biyo bayan yaƙin Koriya, taransista, wato ɗan mitsitsin abin da ke sarrafa lantarki a cikin rediyo, sabon abu ne, kuma sojoji ne manyan masu sayensa. Sun gaji da rediyon da ke aiki da kwalaben gilashi masu fashewa da cin batir. Suna son wanda soja zai rataya a kafaɗa ya shiga daji da shi. Masana'antarmu ta samu kwangilar yin taransistocin irin wannan rediyo, aka ɗora Harlan a kan aikin.

Babban abokin gabar taransista shi ne danshi. Dole a gasa shi a tanda ya bushe sarai kafin a rufe shi cikin ɗan gwangwaninsa. In aka rufe da sauran laima, zai yi aiki lafiya a farko, sai bayan watanni ya mutu ba sallama. Harlan ya san haka fiye da kowa. Amma da ya ji wata masana'anta a Texas na neman riga mu kai kaya, sai ya ba da umarni a rage lokacin gashin.

Milton Rask, injiniyan da suka yi karatu tare, ya same shi a kan maganar. Ya tuna masa cewa gwajin rana ɗaya ba ya nuna abin da damina za ta yi.

"Kai dai matsoraci ne, Milton," in ji Harlan yana dariya. "In aka biye maka, sai jikokinmu ne za su kai kayan nan."

"Sarkin gaggawa, ba kai za ka rataya rediyon ba," Milton ya amsa masa.

Kayan suka tsallake gwaji. Manjo Ostrander, jami'in da ke karɓar kaya a madadin sojoji, ya yaba wa Harlan a gaban kowa, aka ƙara masa girma.

Bayan damina ta wuce, manjon ya dawo ba tare da sanarwa ba. Ya ajiye wani rediyo mai taɓo a kan teburin Harlan, ya ba shi labari a tsaye. Wasu sojoji na atisaye a dajin Panama, itace ya faɗo wa wani saurayi mai suna Curtis Maddox a cinya, jini ya ƙi tsayawa. Jirgin ceto na nan kusa, kira kawai yake jira. Mai rediyon ya yi ta kira har muryarsa ta dushe, babu wanda ya ji. Suka ɗauki Curtis a kafaɗa, ya cika a hanya.

Aka yanka gwangwanin taransistan a gabansu. Laima duk ta cinye cikinsa.

"Yallaɓai, ba sai an yi bincike ba," in ji Harlan. "Ni na rage gashin."

Sojoji suka janye duk rediyoyin, suka soke kwangilar. Mutane da yawa a garinmu suka rasa aiki, har da Milton da ya yi gargaɗin. Harlan ya daina fita. Matarsa Lorraine ta gaya mana ba ya iya cin abinci, in ya ji ana kunna rediyo a maƙwabta sai ya tashi ya rufe taga.

Daga baya ya tuƙa mota har Kentucky wurin mahaifiyar Curtis. Ta karɓe shi a baranda, ta zuba masa kofi, ta saurare shi har ya gama bai ɓoye komai ba. Ya so ta zage shi ko ta kore shi, don ya ji sauƙi. Ba ta yi ba. Sai ta tambaye shi abin da ya samu da ya rage gashin.

"Kwana biyu kawai muka rage, Mama."

Ta jinjina kai tana kallon hanya. "Kwana biyu," ta ce. "Ni kuwa shekara ashirin na yi ina rainonsa, ɗan nan, ban taɓa jin na gaji da jira ba."

Harlan ya dawo gida, bai sake neman shugabanci a ko'ina ba. Ya ƙare rayuwarsa a ɗakin gwaji na wata masana'anta, yana zaune gaban tanda yana jiran kaya su bushe. Har ya tsufa bai yarda an kira shi gwani ba.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, duk aikin da ran wani zai dogara da shi ba a yi masa gaggawa. Kuskuren da ka rufe a cikin gwangwani yau, wani da bai san ka ba ne zai buɗe shi a ranar da ba shi da mafita. Yabon da aka samu da sauri yakan ƙare da wuri, amma nadamar da ta biyo baya ita ce ke zama da mutum har kabari.