Gemun Ɗayyabu Mai Gyaran Keke

An yi wani mutum a wani gari, shekarun baya, tun mota ɗaya tak ke zuwa birni a yini. Kada ku tambaye ni sunan garin, na san halinku, gobe sai wani ya ce ai kakansa ne. Bawan Allahn nan sunansa Ɗayyabu, gyaran keke yake yi a gindin wani durumi daf da masallacin unguwa. Ba shi da komai sai famfo da ɗan akwatin ƙarafa. Amma Allah ya ba shi abu biyu: muryar karatu mai sanyi, da gemu. Gemu fa, jama'a! Baƙi wuluk, cikakke, ya sauko har ƙirji. In tsohon Liman ba ya jin daɗi, sai ya aiko a ce Ɗayyabu ya shiga gaba.

To, a sahun farko akwai wani, Malam Hambali. Ya yi karatu, ya fi Ɗayyabu sanin littattafai, wannan ba ƙarya. Amma gashin haɓarsa 'yan silli ne da ba su fi a ƙirga ba. Ya shafa man shanu, ya shafa habbatus sauda, shiru kamar an shuka dusa. Duk ran da Ɗayyabu ya yi kabbara a gaba, Malam Hambali yana bayansa yana cizon yatsa. Baki na amin, zuciya na cewa, “Mai facin taya! Da me ya fi ni? Gemu ne kawai, gemu ko bunsuru yana da shi.” Hassada ke nan, ku saurara. Ba ta hana mutum salla, tana dai cinye masa ita.

Ana nan sai wani ƙullutu ya fito wa Ɗayyabu a wuya. Ya je asibitin birni, likita ya ce ciwon daji ne. Ya ce akwai magani, wani ruwa mai ƙarfi da za a riƙa ɗura masa ta jijiya duk bayan mako uku. Ya ce, “Amma ka shirya, Malam. Gashi zai zube. Na kai, da gira, da gemu, duka. In an gama zai dawo da yardar Allah.”

Ɗayyabu yana da uwa tsohuwa, idonta ya yi yana, da murya take gane mutane. Irin ciwon nan shi ya ɗauke mijinta, ita ta yi jinyarsa har ƙarshe. Ko sunan ciwon aka ambata a gabanta sai ta kwana uku ba ta ci abinci ba. Sai Ɗayyabu ya ƙudura a ransa ba za ta ji ba. Kun kuwa san garinmu irin na ƙauye, maganar da aka yi a ƙofar masallaci da azahar, kafin la'asar ta shiga kowane ɗaki. Matarsa kaɗai ya gaya wa. Ya je wurin wanzami aka yi masa ƙwal-kwabo tun gashin bai fara zuba ba. Ya sayi rawani, ya koyi naɗi. Gemun ne ya ce shi ba zai sa masa aska ba, wanda ya bayar ya karɓa da kansa.

Mako biyu da fara magani, yana alwala, ya sa yatsu ya tsefe gemu, sai ga gashi cike da tafinsa. Ya dube shi, ya yi ƙwalla, don shi ma mutum ne. Ya tattara, ya tona rami a bayan ɗaki ya binne. Daga ranar ya riƙa fita da rawani, ya ja amawali, wato ɓangaren rawanin nan da ake rufe haɓa da baki da shi.

Malam Hambali bai san ko ɗaya cikin wannan ba. Shi dai ya ga rawani. Wayyo! Ranar bai iya cin tuwo ba. Ya ce wa na kusa da shi, “Ka gani ko? Yau mai gyaran keke ne da amawali, sai ka ce hakimi. Liman bai mutu ba an fara naɗin gado.” Ya sa masa ido. Ya lura bawan Allahn ya daina alwala a bakin masallaci, daga gida yake fitowa da ita. Ya lura duk mako uku yana hawa motar birni, ya dawo ya kwana biyu bai buɗe akwatinsa ba. Zuciya ta yi ta saƙa masa tana kwancewa.

Rannan da la'asar, an yi sallama, Ɗayyabu ya juyo zai fuskanci jama'a, amawalin ya zame. Haɓa fes, ko silli babu. Kafin ya mayar, Malam Hambali ya miƙe tsaye.

“Jama'a, kowa ya gani da idonsa! Wanda ke ja mana salla ya aske gemu, ya ɓoye a rawani. Wa ya san inda yake zuwa a birni? A tambaye shi!”

Ni ban zo yin fatawar gemu ba yau, kada wani ya tare ni a waje. Amma a garin nan, a lokacin nan, limamin da ya kwashe gemunsa tas kamar ya ce ya bar hanya ne. Masallaci ya ɗauki guna-guni. Wani dattijo ya ce, “Ɗayyabu, yi magana mana. Me ya faru?”

Kalma ɗaya za ta wanke shi. Ɗaya tak. Ya sunkuyar da kai, ya ce, “Baba, ba ni da ta cewa. Malam Hambali ya fi ni karatu, ya shiga gaba.” Ya ɗauki takalmansa. Daga ranar sahun baya yake tsayawa, kusa da ƙofa.

Malam Hambali ya samu abin da yake so, don tsufa ya zaunar da Liman a gida, limanci ya dawo hannunsa. Kuna tsammani ya huta? Ina! Mai hassada ko ka ba shi rigarka sai ya ce me ya sa ba ka ji sanyi ba. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne mutumin bai rama ba, kullum shi ke fara yi masa sallama, har kekensa ya gyara masa. Ya ce a ransa, “Wannan shiru akwai abin da ke ƙarƙashinsa. Sai na ga ƙwal uwar daka.” Ran da mako uku ya cika, ya riga shi shiga mota, ya lafe a kujerar baya. A birni ya bi shi daga nesa, yana jiran ya ga an shiga gidan banza. Sai ya ga an shiga asibiti.

Ya bi har wani dogon ɗaki. Mutane jere a kan kujeru, maza da mata, kowa da robar ruwa rataye a kansa. Can ƙarshe ga Ɗayyabu, ya cire rawani ya ajiye a cinya. Ba gashin kai, ba gira, ba gashin ido. Allura a bayan hannunsa, kwanon amai a gefen ƙafarsa. Malam Hambali ya tsaya yana kallonsa.

Ɗayyabu ya ɗago ya gan shi. Ya janye ƙafa daga kan wani benci da ke gabansa, ya ce, “Malam, kai ne? Bismillah, zauna. Ka sha hanya.”

Malam Hambali ya durƙusa. Ya ce, “Ɗayyabu, na cuce ka. Don Allah me ya hana ka faɗa? Wallahi yau ɗin nan zan tsaya a masallaci in gaya wa kowa ƙarya na yi maka.”

“A'a, Malam. In ka faɗa, Inna za ta ji.”

“To ai ta ji an ce ka aske gemu!”

Ɗayyabu ya yi ɗan murmushi. “Ta ji. Kullum sai ta yi mini faɗa, ta ce na kunyata ta. Tana gama faɗan ta shanye kununta tas. Gara ta yi fushi da ni, da ta yi kukan mutuwata ina raye. Na yafe maka tun a masallaci. In kana son ka yi mini wani abu, ka riƙe bakinka. Sai kuma ka rage tsawon ruku'u, tsofaffin sahun baya gwiwoyinsu ba sa ɗauka.”

Haka aka yi, jama'a. Allah ya ba Ɗayyabu lafiya, amma tsohuwar ta ƙara shekara huɗu a duniya. Shekara huɗu Malam Hambali yana shiga gaba sau biyar a yini, ya san wanda ke tsaye a bakin ƙofa, ya san abin da ya yi masa, ga gaskiya a bakinsa, ba damar faɗa. Sai ran da aka dawo daga binne tsohuwar ya tsaya gaban jama'a ya faɗi kome, yana kuka kamar yaro. Rabin waɗanda suka ji ƙazafin sun riga sun mutu ko sun bar garin da shi a ransu.

To, ku saurara, da ku nake, da ni kaina. Hassada takan sa ka ga laifi a wurin da ya kamata ka ce sannu. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle ya zama ƙarya. Yau a unguwarku akwai wadda ba ta cire ɗankwali ko a cikin mata, akwai wanda ya rame ya ja hula har gira. Ba ku san abin da suke ɗauke da shi ba, ba ku san wa suke karewa da shirunsu ba. Kada ka bincika, kada ka yi rahoto. Ka yi sallama, ka yi addu'a, in an ba ka amana ka riƙe. Wanda kuma Allah ya jarraba da wannan ciwo, ya je asibiti ya karɓi maganinsa, kada kunyar gashi ta hana shi. Gashi yana tsirowa. Mutuncin da ka zubar wa ɗan'uwanka a bainar jama'a, kai da ka zubar ba lalle ka iya kwashe shi ba. Allah ya raba mu da hassada, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.